Kowa ya iya busa shi kaɗai, amma da an haɗu sai ta watse: ina matsalar take?

Aminu T/Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san algaitar salka, irin ta mutanen Sukotland, wadda muke gani a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda ranar fareti. A can garuruwa da yawa suna da ƙungiyarsu ta farar hula, ma'aikata da ɗalibai da dattawa, su haɗu sau ɗaya ko biyu a mako su yi atisaye. Idan matasan unguwa na son kafa irin wannan, daga ina ake farawa? Na biyu kuma, me ya sa za ka ji mutum yana busa shi kaɗai da daɗi, amma da sun kai takwas ko goma sai abin ya koma hayaniya?

Baba Sajan:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta biyu ita ce babba, amma sai ka san kayan tukuna. Salka ce aka ɗaura wa gindi biyar. Ɗaya na bututun da kake hura iska ne, a ƙarshensa akwai ɗan bawul da ke hana iskar komowa bakinka. Uku na dogayen bututun nan ne da ke kwance a kafaɗa, ana kiran su diron, gajeru biyu da dogo ɗaya. Su ba sa waƙa, amo ɗaya suke riƙewa tun daga farko har ƙarshe. Na biyar shi ne canta, inda yatsu ke aiki: huda bakwai a gaba, ɗaya a baya ta babban yatsa, sai wasu biyu a gefe can ƙasa waɗanda ba a taɓawa. Murya tara kacal yake bayarwa, ana kiran su da haruffan boko, G, A, B, C, D, E, F, G, A, wato daga G ta ƙasa zuwa A ta sama. Kowane diron da nasa rid, ɗan harshen da iska ke kaɗawa ya ba da amo, canta ma da nasa, wato rid huɗu ke shan iska daga salka ɗaya.

Shawarata ta farko, kada ku sayi salka ko ɗaya yanzu. Ku sayi ƙaramin canta na koyo, wanda ake busawa kai tsaye da baki, ba shi da ƙara sosai. A kansa ake zama wata shida zuwa shekara, har mutum ya haddace kiɗa huɗu ko biyar ba ya kallon takarda. Wanda ya tsallake wannan ya rungumi salka, hankalinsa duk yana kan numfashi, yatsunsa kuwa sai abin da suka ga dama.

Injiniya Nura:
Bari in ɗauki ta biyun. Duk muryar da ka ji kaɗawa ce. A ta ƙasa a canta na yanzu tana kaɗawa wajen sau 476 zuwa 484 a sakan, ya danganta da canta da yanayi. Gajerun diron suna kan rabin wannan adadi, dogon kuma yana kan rubu'insa, shi ya sa suke narkewa cikin juna idan an saita su daidai. To idan ɗaya yana kan 480, na kusa da shi yana kan 483, kunne ba zai ji murya biyu ba, zai ji murya ɗaya tana rawa, wo-wo-wo, sau uku a sakan. Ka tara mutum goma kowa da tasa tazarar, a kan murya tara, ga diron talatin a sama. Hayaniyar da kake ji ke nan.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne muryar canta tana bin ƙarfin iskar da ke cikin salka. Ka matsa da ƙarfi ta hau, ka sassauta ta sauka. Mai busa shi kaɗai in ya yi haka, ba kowa zai lura ba. A cikin ƙungiya kuwa, ko an saita shi daidai minti biyar da suka wuce, da zarar hannunsa ya yi sanyi ya fita daga sahu.

Isufu Maraɗi:
Injiniya, ashe ke nan masu algaitar fada sun fi kowa dacewa da wannan sana'a. Su da suke busa ba yankewa, suna shaƙar iska ta hanci kumatu na aiki?

Malam Habu:
Malam Isufu, ta wani gefen da gaskiyarka. Rid ɗin algaita da na canta 'yan gida ɗaya ne, harshe biyu ne ke kaɗawa, kuma mai algaita ya riga ya san ma'anar ajiye iska a wani wuri yana shaƙar wata. Aikin da kumatunsa ke yi, shi hannun hagu ke yi a kan salka. Sai dai akwai ɗabi'ar da zai sha wahalar bari. Mai algaita da gangan yake ƙara iska ko ya rage don ya lanƙwasa murya, nan gwanintarsa take. A ƙungiyar salka wannan laifi ne babba. Ana son iska ta tsaya cak wuri ɗaya, ko kiɗa ya hau sama ko ya sauka, ko an zo wuri mai wuya. Sababbi suna da halin matsawa da ƙarfi idan sun kai A ta sama, su saki idan sun dawo ƙasa, ba su ma san suna yi ba.

Sannan yatsu. Ba da kan yatsa ake rufe huda ba, a miƙe ake ɗora su, tsokar gaɓa ce ke rufewa. Tunda murya ba ta yankewa kuma harshenka ba ya taɓa rid, ba yadda za ka raba E biyu da ke jere sai da ɗan bugun yatsa a tsakaninsu, ka ɗaga ka mayar kafin ƙiftawar ido. Daga waɗannan ƙananan bugun ake gina duk adon kiɗan, wani biyu a haɗe, wani uku, wani ƙaramin yatsan dama ne ke shafar huda sau biyu. Kuskuren da ya fi yawa yana wurin sauya hannu, misali daga D zuwa E: in yatsun dama suka sauka kafin na hagu ya tashi, sai wata ɓatacciyar murya ta ƙasa ta kutso tsakani. Maganinta a yi a hankali ƙwarai, har sai yatsun sun motsa lokaci guda.

Baba Sajan:
Kafin a zargi hannun yaro, a duba kayansa. Mafi yawan waɗanda ake cewa ba su iya riƙe iska ba, salkarsu ce ke yoyo. Ga gwajin. Cire diron uku da canta, ka toshe gindin huɗu da toshin roba, ka hura ta bututu har salka ta yi tauri ba ta karɓar ƙari. Jira rabin minti, ka sake hurawa. In ta karɓi iska mai yawa, akwai yoyo. Duba wuri uku: bawul, ɗaurin gindi, da ɗinki ko zif. Ka kama kowane gindi ka gwada murɗa shi, in ya juya a cikin fata ɗaurin ya saki, a sake shi.

Daga nan sai mahaɗai. Kowace mahaɗa zare ake naɗa mata. Wadda ke shiga gindi ta kama sosai, yadda in kana juya saman diron don saiti ba za ta biyo ka ba. Ta wurin saiti kuma ta yi laushin da yatsu uku za su juya ta, amma kada ta zame da kanta in kana tafiya. Zaren bututun hurawa da na canta dole a goga masa kakin zuma, domin nan danshi ya fi yawa. Zaren da ba kaki yana shan ruwa ya kumbura, ya liƙe, wani lokaci ya tsaga gindin gaba ɗaya. In canta ya liƙe kuma, a wuyansa ake kamawa, dab da gindi, a murɗa a hankali. Wanda ya kama ƙasansa ya murɗa, itacen siriri ne a sama, zai ji ƙas a hannunsa.

Injiniya Nura:
In an tabbatar ba yoyo, ga na'urar da kowace ƙungiya za ta iya haɗawa da kuɗi kaɗan. Ku nemi tiyo mai haske irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, kamar mita uku zuwa huɗu. Ku lanƙwasa shi ya yi siffar U a jikin katako, kowane gefe ya kai tsawon mita ɗaya ko fiye, ku zuba ruwa mai launi har rabi. Baki ɗaya a bar shi buɗe a sama, ɗayan a soka shi cikin toshin roba a cusa a saman gajeren diron ɗaya. Idan mutum ya busa, ruwa zai sauka a gefe ɗaya ya hau a ɗayan. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan biyu, a inci, ita ce ƙarfin rid ɗinsa. Mai sauƙi yana wajen inci 22 zuwa 26, matsakaici wajen 28 zuwa 32, daga 35 zuwa sama kuwa sai ƙarfafa.

Amfaninta biyu ne. Ana gane rid ɗin da ya dace da kowa, kuma mai koyo yana ganin laifinsa da idonsa. A ɗaura zare biyu a jikin tiyon, tazarar inci ɗaya, a ce masa ruwa kada ya fita tsakaninsu. Zai ga daidai inda yake faɗuwa, galibi a daidai lokacin da ya daina hurawa zai shaƙi iska, hannu bai karɓa da wuri ba. Hannu ba ya barin salka ko kaɗan. Yana ƙara matsi tun kafin numfashi ya ƙare, yana sassautawa sannu a hankali idan sabon numfashi ya shigo.

Ɗanjuma Kakuri:
Ni fa ban yarda da maganar rid mai sauƙi ba. Rid mai tauri shi ke da murya cikakkiya, shi ke jure rana, kuma ba ya hawa da sauka da ɗan motsin hannu. Mai laushi ƙara yake kamar zai tsage, A ta sama ta zama siririya. A filin fareti mai faɗi ƙarfi ake so. A ba yaro mai tauri ƙirjinsa ya saba.

Baba Sajan:
Ɗanjuma, abin da ka faɗa game da muryar gaskiya ne, idan mai busawar ya fi ƙarfin rid ɗin. In rid ya fi ƙarfinsa fa? Minti uku na farko lafiya. Daga nan leɓɓansa su mutu, iska ta riƙa fita ta gefen baki, canta ya riƙa ɗaukewa a tsakiyar kiɗa, kafaɗa ta ɗage, yatsu su sandare. Kuma tunda ba ya iya kai rid ɗin inda ya kamata, muryarsa a ƙasa take da ta kowa. Ƙa'idar da aka sani ita ce, in ka cire canta ka busa da baki, ka iya kai ƙarshen layin kiɗa da numfashi ɗaya ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Ƙarfin ƙungiya daga haɗuwar murya yake zuwa. Mutum shida da ke kan murya ɗaya sun fi goma sha biyu da ke karo da juna kaiwa nesa.

Ɗanjuma Kakuri:
Baba, na ji, amma in an bar shi da mai laushi yaushe zai yi ƙarfi?

Malam Habu:
Da tsawon lokacin busa, ba da taurin rid ba. Ga yadda ake hawa. Ranar da ya fara ɗaukar salka, a toshe diron duka uku, canta kaɗai ke shan iska, ya riƙe murya ɗaya minti biyu ba rawa. In ya samu wannan a buɗe gajeren diron ɗaya, bayan mako biyu ko uku na biyu, dogon a ƙarshe. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Bayan 'yan watanni shi da kansa zai fara fin ƙarfin rid ɗin, ka ji yana ƙyar-ƙyar, sai a ƙara masa inci biyu.

Sabon rid ma da tauri yake zuwa, yana laushi bayan an busa shi na kwanaki. Kada a yi gaggawar kankare shi da reza, abin da aka kankare ba ya dawowa. In ya yi tauri, a zura masa ɗan ƙaramin zoben roba irin na masu gyaran haƙori, a naɗa sau biyu ko uku a ƙasan harshen. Zai sauƙaƙa, muryar ta ɗan hau, kuma duk ranar da aka so a cire.

Akwai inda mutane ke asarar iska ba su sani ba, wato rid ɗin diron. Kowanne yana da ɗan ɗauri a kan harshensa. In ka matsar da ɗaurin yadda ɓangaren da ke kaɗawa ya gajarta, zai rage shan iska. Ana saita shi ne yadda in ka busa daidai zai yi amo, in ka wuce ƙarfin canta da kaɗan ya ɗauke da kansa. Wanda ba ya ɗaukewa duk ƙarfin da ka sa, ɓarnar iska yake yi. Matsawar kuma kamar kaurin farce ce, ba fiye ba, a gwada, a sake.

Hajiya Rabi:
Kun cika zance da masu busa kamar su kaɗai ne ƙungiya. Rabin abin da alƙalai ke saurara a gasa yana wurin makaɗa da yadda suka haɗu da masu busa. A gasar duniya da ake yi a Gilasgo kowane watan Agusta, alƙalai huɗu ne: biyu na busa, ɗaya na ganga, ɗaya na haɗuwar duka. Ganga iri uku ce. Ƙanana masu tsananin ɗauri da ke ba da ƙarar nan mai kaifi, matsakaita da ake kaɗawa da gula mai laushi ana juya ta a iska, sai babbar guda ɗaya. Babbar ita ce agogon kowa, shi ya sa idan an yi da'ira ana fuskantar juna take shiga tsakiya. Ita da ƙafar shugaban masu busa dole su zama abu ɗaya.

Aminu ƙanena, ka lura da farawa da tsayawa, domin nan ko wanda bai san komai ba yake gane ƙungiya ta iya ko ba ta iya ba. Ana farawa da ƙafar hagu. Makaɗa su yi gurgura biyu, wato bugun sanda mai sauri a jere ba yankewa, ta farko a taki na 1 zuwa 3, ta biyu a taki na 5 zuwa 7. Kafin nan masu busa sun cika salka amma ba ta yi amo ba. A taki na 5 kowa ya bugi salka da tafin hannun dama, diron su tashi tare. Hannu ya koma kan canta, a taki na 7 a ƙara matsi E ta fito, a na 9 kiɗa ya shiga. In wani cantansa ya yi tsiwa tun a na 5, ya cika salka da yawa ne ko ya buga da ƙarfi. In diron ɗinsa ya yi gurnani bai tashi sosai ba, bugun ya yi rauni ko wurin da ya buga bai dace ba. Kowace salka da inda take so, a nemo.

Tsayawa kuma tun layin ƙarshe ake shirya ta. Ka daina hurawa, hannu kaɗai ya riƙa matsawa salka na raguwa, a bugun ƙarshe ka ɗage hannu gaba ɗaya. Wanda ya bar salkarsa cike, kowa ya yi shiru nasa diron na ci gaba da kuka shi kaɗai a gaban jama'a.

Aminu T/Wada:
Na gode Hajiya. To shi saitin kansa yaya ake yi wa mutum goma? Kowa da wayarsa zai auna?

Injiniya Nura:
A'a. Mutum ɗaya ko biyu ke saita kowa, kuma da canta ɗaya ake auna sauran, galibi na shugaba. Sharaɗi na farko, duk ƙungiya ta yi amfani da canta iri ɗaya na kamfani ɗaya, da rid na maƙeri ɗaya. Canta biyu na kamfanoni daban ba sa haɗuwa ko an kwana ana gyara, domin hudojin ba wuri ɗaya suke ba. Shi ya sa a Sukotland ƙungiya ce ke mallakar canta ta raba wa mambobi, ko da kowa da salkarsa.

Kada a saita kayan da ke da sanyi. A busa minti biyar zuwa goma tukuna, domin murya tana hawa yayin da rid ke ɗumi da danshi, in an ajiye kuma ta sauka. Saboda haka kowa ya fara tare ya huta tare. Wanda ya makara ya zo ana gamawa, ba za a same shi daidai ba. Zafin gari ma haka: ƙarin digiri goma a ma'aunin Salshiyas na iya ɗaga murya da bakwai ko takwas a ma'aunin nan na 480. In an saita a inuwa aka fita rana, a sake duba diron.

Matakin farko daidaita A ta ƙasa da A ta sama. Tura rid ciki yana ɗaga duka muryoyi amma ya fi ɗaga na sama, jawo shi waje da ƙarin zare yana saukar da su. In A biyun sun daidaita, sai a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi sama, a rufe gefen sama na hudarta da ɗan baƙin tef na masu gyaran wuta. Hudar D tana ƙarƙashin manunin dama, ta E ƙarƙashin yatsa na uku na hagu in an fara ƙirga daga manuni, ta G ta sama ƙarƙashin manunin hagu, ta A ta sama ita ce ta baya. In tef ya kai rabin huda, matsalar ta rid ce, a canza shi. A yanayin zafi gam ɗin tef yana narkewa ya zame, a riƙa sabunta shi.

Game da waya, manhajar da aka yi don fiyano ko jita za ta ɓatar da ku. Muryoyin canta ana auna su ne da amon diron, kuma C da F suna zama ƙasa kaɗan da inda fiyano ke ajiye su. A nemi manhajar da aka yi musamman don wannan kayan. Ga alamar da ke nuna rid ɗin diron na zaune daidai: gajerun su daidaita a inda zaren mahaɗa ya fara leƙowa, ƙasan dogon kuma wajen faɗin yatsa biyu sama da kwalliyar mahaɗar.

Isufu Maraɗi:
Tambaya kan salkar. Ga majema da dukawa, ga fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani. Sai an sayo daga waje?

Baba Sajan:
Ana yin ta da fatar tumaki, ta saniya, har ta akuya, saboda haka ba abin da zai hana gwani gwadawa. Wuyar tana wurin jima da ɗinki. Ana son fatar da ke riƙe iska amma tana tsotse danshi, ɗinkin kuma da zare mai kaki ne, da wata tsirin fata da aka naɗe bakin da ita, ba huda ɗaya da za ta yi numfashi. In an ɗinka a yi mata gwajin rabin mintin nan kafin a yaba.

Kowace salkar fata tana son a riƙa zuba mata maganin da ke toshe ƙofofin fata. Ana ɗumama shi a ruwan zafi, a toshe gindi huɗu, a zuba ta na biyar, a murza ko'ina musamman bakin ɗinki, a rataye ta kwana ragowar ta tsiyaye, a goge cikin kowane gindi kafin a mayar da rid. Kada a ce za a yi dabara da zuma ko sukari, kiyashi da fumfuna za ku tara. Ta tumaki ta fi daɗin murya a wurin masana, amma shekara ɗaya zuwa biyu take yi, kuma in an bar ta mako biyu ba a busa ba ta bushe. Ga ƙungiyar da ke haɗuwa sau biyu a mako, ta roba mai zif ta fi kwanciyar hankali. Ba a zuba mata komai.

Dakta Maryam:
Baba, a ƙara da cewa rashin zuba mata magani ba ya nufin a manta da ita. A 2016 likitoci a Mancesta ta Ingila sun wallafa labarin wani mai busa ɗan shekara 61 da ya rasu da ciwon huhu, aka gano fumfuna iri-iri a cikin salkarsa da bututunta, abin da ya daɗe yana shaƙa. Duk ranar da aka gama busa a buɗe zif, a zubar da ruwan da ya taru a tarkon danshi, a bar ciki ya sha iska. Bututun hurawa a riƙa wanke shi da siririn buroshi, kuma kowa da nasa, ba aro. Mai tari da ya ƙi warkewa ko ƙarancin numfashi ya gaya wa likita cewa yana busa wannan kayan.

Kunne ma. A cikin ɗaki, salka goma da ganguna suna haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, ji kuma in ya tafi ba ya dawowa. Akwai toshin kunne na mawaƙa da ke rage ƙara ba tare da ya dusashe murya ba. Yara musamman kada a sa su gaban ƙananan ganguna ba toshi.

Malam Habu:
Tunda an zo kan yanayi, kayan nan an ƙera su ne don ƙasa mai sanyi da laima. Mafi yawan masu kyau da baƙin icen nan na Tanzaniya da Mozambik ake yin su, kuma hunturu maƙiyinsa ne. Iska ta bushe ƙwarai, waje ya ƙanƙance, ciki na jiƙe da numfashi, sai ya tsage. Zoben ado su saki, mahaɗai su yi sako-sako, a ƙara zare, damina ta zo su liƙe. Wanda ya ƙara zare da hunturu ya tuna ya rage kafin ruwa ya sauka. Ga sabuwar ƙungiya a ƙasa mai zafi, na roba mai tauri da kamfanoni irin su McCallum da Dunbar ke yi sun fi dacewa, ba sa tsagewa, murya kuma ba laifi. Kada a bar kowanne a cikin mota a rana.

Rid ɗin canta na kara ne, da hunturu yana bushewa ya yi tauri ya yi tsiwa. A cire canta bayan busa a rufe shi da murfinsa mai riƙe laima. In salka na da gwangwanin busar da iska a ciki, a cire shi ko a rage a wannan lokacin, da damina a mayar. Kuma ba a tsotsar rid a baki yadda aka saba da algaita, yawu yana kashe shi da wuri. In ya bushe sosai, ɗigon ruwa mai tsabta a kan yatsa ya isa.

Ɗanjuma Kakuri:
Ku faɗa masa maganar masu araha kuma. Akwai waɗanda ake yi da yawa a Siyalkot ta Pakistan, ana sayarwa a intanet da kuɗi kaɗan. A cikinsu akwai na ratayewa a bango kawai: ramin ciki bai miƙe ba, salka na yoyo, canta ba ya saituwa. Kada a biya kuɗi sai wanda ya iya ya busa ya ji. In kuɗi bai kai ba, gara a sayi shida masu kyau da a sayi ashirin na ado. Masu busa shida, ƙananan ganguna biyu da babba ɗaya sun isa a fita da su.

Aminu T/Wada:
Saura ɗaya. Dole ne sai an koyi karatun rubutun kiɗa? Yaranmu da kunne suka fi kamawa.

Malam Habu:
Kunne abu ne mai kyau, su kansu mutanen Sukotland da rerawa da baki suka riƙa koyar da tsohon kiɗansu kafin rubutu ya yaɗu, har yau malami yana rera wa ɗalibi layi kafin ya busa. Amma a ƙungiya ana son mutum goma su yi ƙaramin bugun yatsa iri ɗaya a wuri ɗaya, kunne kuma yana cike gurbi da abin da ya ga dama. Murya tara ce kawai, a mako biyu yaro ya gane su a takarda. A haɗa biyun: a rera, a duba takarda, a busa a kan canta na koyo ana zaune a kewaye da tebur, ƙafa na bin bugu ɗaya. Rabin lokacin atisaye a nan ya kamata ya tafi, kafin a taɓa salka. A fara da kiɗan maci masu sauƙi uku ko huɗu, a bar masu sauri na rawa sai shekara ta biyu.

Hajiya Rabi:
Kuma kada ƙanƙantar gari ta karya muku gwiwa. Ƙungiyar Inbarare, wani ƙaramin gari a yammacin Sukotland, da yaran makaranta ta fara a farkon shekarun 2000, ta bi matakan gasa ɗaya bayan ɗaya, a 2017 ta ci gasar duniya a mataki na ɗaya, wato mafi girma. Makaɗanku su ma su fara a kan faifan roba na koyo, ba a kan ganga ba, su yi watanni suna gyara gurgura da riƙon sanda. Wurin atisaye kuma ku nemi fili ko zauren makaranta nesa da asibiti, ku kauce wa lokutan salla, ku sanar da mai unguwa tun kafin maƙwabta su riga ku zuwa wurinsa.

Ɗanjuma Kakuri:
Har yanzu dai ina nan kan bakana, inci 24 ya yi kaɗan ga babban mutum a fili.

Injiniya Nura:
Ga babban da ya shekara uku yana busa, na yarda, a kai shi 30. Aminu, tiyon ya kasance mai faɗin da zai shiga toshin ya kama, kuma ku bar isasshen tsawo a gefen da yake buɗe, in ba haka ba mai ƙarfi irin Ɗanjuma zai watsa muku ruwan a silin.